Bukari da Taken Emmanuel

Malam Bukari mutumin Mirriya ne, ɗan gidan makaɗan kalangu masu yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa. Ya zo Faransa a 1987, ya samu aikin wanke tankuna a wata masana'antar sinadarai da ke Saint-Fons, a gefen Lyon. Shekara talatin da huɗu ya yi a wurin. Da yawa cikin abokan aikinsa har suka rabu ba su san sunansa yana bayan faifai takwas ba.

Na san shi lokacin da nake karatu a Lyon. Bana aiki ya mai da ni can na mako biyu, na je gaishe shi. Abin da zan faɗa rabi daga bakinsa na ji, rabi daga bakin Abdul'aziz.

Abdul'aziz mutumin Tawa ne, mai busa sakso. Shi ya kafa ƙungiyar Zango Tara a Paris a 1991, masu gauraya jaz da kiɗan gida. Mutane sun shiga sun fita, masu piyano kaɗai sun kai biyar, amma uku ba su motsa ba: shi, da Bukari, da Emmanuel, Kirista ɗan Kafanchan mai kaɗa jitar bas. Duk Juma'a bayan masallaci Bukari zai hau jirgin ƙasa zuwa Paris da kalangu cikin jakar wasanni, Lahadi ya komo.

Bukari ya yi wa Emmanuel take, gajere, bugu goma sha ɗaya. A tsakiyar wasa sai ya matse kalangu a hammata ya kira shi, shi kuma ya amsa da bas. Wani lokaci da gangan yake jinkirta amsar.

"Ɗan Najeriya, barci kake?" in ji Bukari bayan an sauka.

"A'a, Baba, ina jira ka gama tari ne."

Emmanuel ya rasu cikin sanyin 2023, ciwon zuciya. Mai piyano ya koma wata ƙungiya. Abdul'aziz ya ɗauko sababbi biyu, ɗaya Yanis, mai bas daga Stains, gwani ne, ba wanda ya yi musu. Aka fara shirin faifai na tara. Kiɗan ƙarshe a ciki na tunawa da Emmanuel ne, kuma Abdul'aziz ya gina shi a kan taken nan: Bukari ya kira, Yanis ya amsa.

Bukari ya ce ba zai kaɗa ba.

A gidansu akwai ƙa'ida da ya gada wurin mahaifinsa. Take kira ne, kuma ba a kiran wanda ba zai iya amsawa ba. In mai take ya rasu, sai a bar takensa ya bi shi. Ya ce da idonsa ya ga mahaifinsa ya tashi daga wurin biki, don ɗan wani marigayin Sarkin Fawa ya matsa a yi masa taken ubansa.

Abdul'aziz ya zo har Saint-Fons. Suka zauna a ɗan lambun da Bukari ke noma tumatir a bayan gidaje, bututun masana'anta suna hayaƙi can nesa.

"Yaya Bukari, girmamawa ce. Hommage, in ji Faransawa. Kowace ƙungiya tana yi."

"Ku yi masa da sakso. Wa ya hana ku?"

"Rachel ce ta roƙa. Matarsa. Ta ce abin da take son ji ke nan."

Bukari ya ci gaba da cire ciyawa.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji Abdul'aziz. "An riga an sa ranar sitidiyo. In ba ka yi ba, akwai wani makaɗi a Paris da zai koya daga tsohon faifai. Kwana biyu ya ishe shi."

"Ya san Emmanuel?"

"Bai san shi ba."

"Sun taɓa cin abinci kwano ɗaya?"

"Haba, Yaya."

Bukari ya gaya mini cewa wannan maganar ce ta kama shi. In ya ƙi, baƙo zai kira abokinsa, wani baƙon ya amsa, kuma haka za a ji har abada a faifan. In ya yarda, ya karya abin da ubansa ya bar masa. Bai tambayi malami ba, don ya ce ba maganar halal da haram ba ce, maganar gidansu ce, kuma duk waɗanda zai tambaya sun riga shi tafiya.

Ranar Talata da safe ya isa sitidiyon a Saint-Denis. Rachel tana zaune bayan gilashi kusa da mai ɗaukar sauti. Bukari ya gaishe ta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya juya wurin Yanis.

"Ɗana, hannunka yana da kyau, na ji. Amma in na kira, kada ka amsa. Ba kai nake kira ba."

Yanis ya dubi Abdul'aziz.

"Wurin zai zama wayam fa," in ji Abdul'aziz. "Mai saurare zai ce faifan ya lalace."

"Bari ya ce," in ji Bukari.

Aka fara. Sakso ya yi nasa, piyano ya yi nasa, suka janye. Bukari ya ɗaga gula ya yi bugu goma sha ɗaya. Yanis ya ɗora tafinsa a kan igiyoyin bas don kada su yi ko motsi. Shirun ya ɗauki daƙiƙa tara. Rachel ba ta yi kuka ba, ta dai sunkuyar da kai.

Mai ɗaukar sauti ya ce akwai ɗan ƙara a bugu na uku, ko za a sake?

"Ba za a sake ba," in ji Bukari.

Ya zauna a ƙasa ya fara kwance tsarkiyar kalangun, ɗaya bayan ɗaya, har fatun biyu suka saki. Abdul'aziz ya ce akwai sauran kiɗa uku da ba a ɗauka ba. Bukari ya ce ya sani, su kira mutumin nan na Paris, amma da sharaɗin kada a koya masa taken, kuma kada a yi wannan kiɗan a gaban jama'a. Abdul'aziz ya daɗe a tsaye, sannan ya ce ya yarda.

Faifan ya fito a watan Maris. Sunan Bukari yana jikin kiɗa shida cikin tara. Zango Tara suna yawon wasa yanzu da sabon makaɗi, kuma Abdul'aziz kaɗai ya rage cikin na farko.

Na tambayi Bukari ko yana ganin ya yi daidai. Ya ce bai sani ba.

"Na kira mamaci, ɗiyata. Wanda ya yi haka a gidanmu ba ya sake rataya kalangu. Ban san wani hukuncin ba, sai na yi wa kaina wannan."