Ƙofar Banɗaki a Taman Melati

Ƙofar banɗakin gidan da muka kama haya a unguwar Taman Melati ba ta kai faɗin keken Yaya ba. Abin da ya hana keken shiga bai fi tafin hannu ba. Ga kuma wani ɗan tudun siminti a bakinta, wanda aka yi don kada ruwa ya malalo ɗaki, domin mutanen ƙasar nan banɗakinsu kullum a jiƙe yake. Ranar da muka tare na tura keken ta gaba, na juya shi ta baya, na karkata shi. Yaya yana zaune a kai yana kallona, sai ya ce, "Kai, bari haka nan. Siminti ba ya jin lallashi."

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Saje ne a soja, har ranar da motarsu ta taka nakiya ya rasa ƙafafunsa duka biyu. Babban ɗansa yana karatun digiri na uku a nan Kuala Lumpur, shi ya dage a kawo mahaifinsa a gwada masa ƙafar roba. Ni aka zaɓa in rako shi, saboda ina da ƙarfin baya, kuma motar da nake tuƙawa a gida ba tawa ba ce. Likitoci suka duba, suka ce dungun bai warke yadda za a ɗora masa komai ba, sai a jira. Muka zauna jira.

Tun daga ranar da muka tare, duk lokacin da Yaya zai kama ruwa sai na ɗauke shi. In tsayar da keken a bakin ƙofa, in sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa, in tsallaka tudun da shi, in zaunar da shi. Idan ya gama ya buga buta a ƙasa, in koma in ɗauko shi. A gidanmu ƙani ba ya faɗin sunan yayansa, balle ya ga jikinsa. Na girma ban taɓa ganin Yaya da singileti ba. Idan na ɗaga shi yakan juya fuskarsa wajen bango, ni kuma in kalli silin.

Ranar Asabar ɗan nasa yakan zauna ya koya mini karatun boko, tunda ban samu yi da ƙuruciya ba. Yaya yana gefe yana tsokanata. "Ɗalibi mai furfura, yau an kai baƙi na nawa?" Idan na yi tuntuɓe a kalma sai ya ce a ba ni gwale-gwale. A irin wannan zaman ne na lura da kwanonsa. Tuwon da na tuƙa masa ya taɓa gefe ɗaya ya rufe. Ruwa ma sai ya kurɓa kaɗan, ga garin da zafi da gumi. Na yi masa magana, ya ce ya ƙoshi. Ban sake tambaya ba, na gane. Wanda bai ci ba, ba za a ɗauke shi ba.

A ƙofar da take kallon tamu akwai wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar nan, shi ma a keke. Kowa Pakcik yake ce masa, kamar yadda muke cewa kawu. Wata Juma'a muna jiran lif za mu masallaci, Yaya ya dube shi, ya dubi askinsa da yadda ya miƙe baya a kujera, sai kawai ya ƙame ya sara masa. Dattijon ya mayar. Ashe shi ma tsohon soja ne. Suka kama hira da guntun Turancin bariki, hannu yana cike abin da baki ya kasa. Bayan sallah ya ja mu gidansa, ya ce sai mun makan, wato mu ci abinci.

Muna cikin shan shayi Yaya ya yi mini irin kallon da na sani. Na miƙe zan mayar da shi gida, Pakcik ya nuna wata ƙofa ya ce, "Boleh, boleh," wato ana iya shiga. Gidansa irin namu ne sak, amma ƙofar banɗakinsa an fasa ta an faɗaɗa, an share tudun, an kafa ƙarafan dafawa a jikin bango. Yaya ya murza tayoyinsa ya shiga da kansa. Ya rufe ƙofa. Na tsaya a waje hannuna a sake, ban san inda zan sa su ba. Ya daɗe a ciki. Na ji ƙarar ruwan alwala. Da ya fito gemunsa yana ɗiga, yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir. Ranar har ƙarin shinkafa ya nema.

Pakcik ya ce gwamnatinsu ce ta yi masa aikin, ta wani ofishi mai kula da tsofaffin sojoji. Da muka koma gida Yaya ya kasa yin shiru. Ya ce ya taɓa aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa tare da sojojin Maleshiya, tukunya ɗaya suka ci.

Ɗansa ya ce, "Baba, wannan fa na 'yan ƙasa ne. Kuma mu haya muke."

Yaya ya ce, "Soja soja ne ko a ina. Kai littafi ka sani, ba ka san manya ba. Gaisuwa za mu je."

Muka shirya kamar yadda ake shiryawa. Kilishin da muka zo da shi daga gida, da turaren wuta, da sabuwar hula zanna. Yaya ya sa na goge masa lambobinsa na maƙala masa a ƙirji. Wani hafsa mai fara'a ya karɓe mu a ofishin, ya sa aka kawo shayi, ya saurari labarin Yaya, aka ɗauke su hoto. Can ya yi tambaya, ɗan Yaya ya fassara: "Ya ce me za su iya yi maka?"

Yaya ya dafa ƙirji. "Ce masa gaisuwa kawai muka zo."

"Baba, ka faɗa masa mana."

Yaya ya harare shi, yaron ya fassara abin da aka ce ya fassara. A hanyar dawowa ya sake tayar da maganar, Yaya ya ce, "Babban mutum ba a yi masa baro-baro. Ya ga keke, ya ga ƙafa babu. Me ya rage? So kake in yi bara da lambobi a ƙirjina?" Ni ma a raina na ga daidai ne. Haka na samu tuƙi a gida. Ban taɓa ce wa Alhajin da ya ɗauke ni ina neman aiki ba, gaishe shi na riƙa yi har ya miƙo mini makulli.

Muka sake komawa, muka kuma komawa. Kullum a karɓe mu da shayi, a rako mu har bakin lif. Yaya ya sa na kwashe bokitai da akwatin da suke kusa da banɗaki, don masu aiki su samu wuri. Idan ya ji ana huda bango a wani hawa sai ya ce, "Leƙa ka gani, kada su ɓata gida." A makonnin nan ya ɗan koma cin abinci. Har kumatu ya fara yi.

Sai wata rana hafsan ya aiko cewa zai zo gida da kansa. Yaya ya ce, "To, ɗan boko, ka gani?" Ya sa lambobinsa tun da safe. Mutumin ya zo da kwandon 'ya'yan itace da hoton nan an sa shi a gilashi. Ya zauna, ya sha shayi, ya yabi kilishi. Babu mai awo a bayansa, babu mai guduma. Da ya miƙe zai tafi na dubi Yaya, Yaya ya sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na kama hannun baƙon ba. Na ja shi har bakin banɗaki, na ɗauko keken da Yaya a kai, na tura har tayoyin suka daki ƙofar. Na ce wa ɗan Yaya, "Faɗa masa."

Fuskar mutumin ta canza. Ya yi magana a hankali, hannunsa a ƙirji. Ya ce shi ya ɗauka zumunci ne ya kawo mu, tsohon soja yana neman 'yan'uwansa. Ya ce da ya sani tun ranar farko da bai bari muna wahalar zuwa ba, domin taimakon na sojojin ƙasarsu ne, ba shi da ikon ba wa baƙo. Ya ba da haƙuri har na ji kunya. Ya tambaya ko tamu gwamnatin ba ta yin irin wannan.

Yaya ya yi 'yar dariya. "Ce masa tana yi. Sun zo gidana sun auna zaure, sun auna banɗaki. Tun kafin a yaye autana. Yanzu tana makaranta."

Bayan tafiyarsa Yaya bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ya ce in cire masa lambobin kawai.

Mun roƙi mai gidan ya bari mu fasa ƙofar da kanmu, ya ce a'a, ginin ba a taɓa shi. Mun nemi wani gidan, duk wanda ƙarfinmu ya kai, ƙofarsa irin wannan ce. Pakcik ya ce Yaya ya riƙa zuwa nasa ko yaushe. Ya je sau kaɗan. Amma akwai matar gida da 'ya'ya mata, kuma dattijo ba ya ƙwanƙwasa ƙofar wani don zai kama ruwa. Ya daina. Daga baya 'ya'yan Pakcik suka mayar da shi garinsu, aka sa wa gidan kwaɗo. Banɗakin yana nan a ciki, tsakaninmu da shi taku kaɗan, babu mai shiga.

Likita ya ce dungun ba zai warke ba sai Yaya yana cin abinci sosai, kuma ba za a sa ƙafar ba sai ya warke. Na faɗa masa, ɗansa ya faɗa masa. Ya ce ya ji. Ranar Asabar har yanzu ina karatuna, ina tuntuɓe a kalmomi, ina ɗan dakatawa ko zai ce a ba ni gwale-gwale.

Jiya da rana na yi masa miyar kuka da ɗan man shanun da ya rage mana. Ya ɗaga murfin, ya shaƙi ƙamshin, ya mayar ya rufe.

Na ce, "Yaya, wallahi bayana bai gaji ba."

Ya ce, "Na sani. Ni ne na gaji."

Na bar kwanon a kusa da shi. Da la'asar ta yi na tsayar da keken a bakin ƙofa, na sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa. Ya juya fuskarsa wajen bango. Bai kai nauyin da na saba ɗauka ba.