Daminar da Na Bi Baba Ƙauye

Gidanmu yana cikin wani lungu a bayan Ƙofar Wambai, irin lungun da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace ɗaya ya wuce. A nan aka haife ni. Mahaifiyata, wadda muke kira Umma, ita ma a unguwar aka haife ta. Kakanninta daga Barno suka zo tun da daɗewa, kuma abin da ya rage mata na can bai wuce sana'ar haɗa turaren wuta ba, da 'yan kalmomin da take yi mana faɗa da su. Baba kuwa zuwa ya yi. Bafulatani ne daga wani ƙauye a gabashin Kano. Karatu ya kawo shi birni, ya samu aiki a ofishin kula da dabbobi, ya auri Umma, ya zauna.

Tun ina ƙarama nake jin gardamarsu a kan birni da ƙauye. Ba faɗa ba ne, kusan wasa ne, tun da Fulani da Barebari dama abokan wasa ne. In zafi ya tsananta, aka ɗauke wuta, kwatar ƙofar gida ta fara tashi, sai Baba ya ɗauki mafici ya ce, "Yanzu da a garinmu ne, da ina gindin tsamiya iska tana kaɗa ni."

Umma ba ta ɗago kai daga turminta. "To Alhaji, ai ba a rufe ƙofar gari. Ga hanya nan."

"Zan tafi, Hajiya. Ranar da na ajiye aiki za ki gani."

Ba wanda ya ɗauki maganar da gaske. Amma da ya yi ritaya sai ya fara zirga-zirga, kafin mu ankara ya gina ɗaki biyu da rumfa a filin mahaifinsa. Wata safiya, ana gab da faɗuwar damina, ya ce wa Umma ta fara haɗa kaya.

Umma ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. "Alhaji, ban taɓa ƙin bin maganarka ba. Amma wannan kam ka yi mini afuwa. Ni ko Ƙofar Na'isa na je biki, in yamma ta yi hankalina ya dawo gida. Uwata a nan take kwance, ubana a nan yake kwance. Me zan je in yi a inda ba wanda ya san kakata?"

Baba bai yi fushi ba. Ya ce shi dai zai tafi, in ta ga dama ta biyo baya. Ni ce auta, yayyena duk sun yi aure, kuma a lokacin na gama kwalejin horon malamai ina jiran a tura ni makaranta. Umma ta ce, "Ke ki bi shi. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba, wa zai dafa masa?"

Wanda ya fi kowa yi wa Baba tsiya shi ne maƙwabcinmu, wani dattijo Babarbare da kowa ke kira Malam. Yana koyar da Alƙur'ani a zaurensa da safe, da rana kuma yana da rumfar huluna a Kasuwar Kurmi. Tun kafin a haife ni, shi da Baba suke zama a dakalin ƙofar gidanmu bayan la'asar, da rediyo a tsakaninsu, suna musu a kan duk abin da aka faɗa a labarai. Ranar da za mu tafi, Malam ya rako mu har bakin titi yana riƙe da butar Baba.

"Bafulatani dai ba ya wayewa," in ji shi. "An ba ka birni ka ce daji kake so. Je ka, shanu suna jiranka."

Baba ya yi dariya har ya dafa bango. "Kai kuma zauna cikin hayaƙi. In na aiko maka da man shanu kada ka ci."

Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko a ƙauyen sun yi mini daɗi ƙwarai. Ƙanwar Baba, Goggo, ita ta tarbe mu, da ƙwaryar fura da nonon da aka tatsa a ranar. Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. In hadari ya haɗo, tun daga nesa kake ganinsa yana tahowa, ba kamar a lungunmu ba da sai dai ka ji ruwa a kan kwano. Bayan ruwan farko ƙasa ta yi wani ƙamshi, gero ya tsiro, zabi suna yawo a bayan gida. Baba ya cire takalmi ya shiga gona. Na ji shi yana Fillanci da Goggo suna dariya, dogon zance, ni da a gida ban taɓa jin ya wuce gaisuwa da harshen ba. Sai na ga kamar wani mutum ne daban, wanda ya fi Baban da na sani ƙuruciya.

Ni ce na fara gajiya. Ba wahalar ɗebo ruwa ce ta dame ni ba, ko hura icen da ya jiƙe, duk da na sha hayaƙi. Shirun ne. A lungunmu, kafin gari ya waye ladanai sun cika unguwa, wannan yana gamawa wancan yana farawa. Sai muryar mai koko, sai karatun yara a zauren Malam, sai masu bugun shadda su fara, sautin yana tahowa ta cikin bango har ka ji shi a ƙirjinka. Maƙwabciya za ta leƙo ta kan katanga ta ari rariya, ta tsaya ta ba Umma labarin wadda ta haihu da wanda aka kai asibiti. Da ina gida duk wannan hayaniya nake ɗaukarsa. A ƙauye na gane cewa da shi nake sanin ina cikin mutane.

Matan garin sun yi mini kirki. Amma in na shiga cikinsu suna hira da Fillanci, sai su juya Hausa saboda ni, daga nan hirar ta yi sanyi, ta koma tambayar ya birni, ya Hajiya. 'Yar birni suke kirana, har yara.

Ban lura da wuri ba cewa Baba ma abin da ke samunsa ke nan. Yawancin sa'o'insa sun rasu, wasu sun bi shanu kudu tun da daɗewa. Waɗanda suka rage suna girmama shi fiye da kima. In ya je gindin tsamiyar da ya daɗe yana ba mu labari, sai a ruga a kawo masa kujera, su kuma suna kan tabarma. In ya faɗi ra'ayinsa a kan wani abu da ya ji a rediyo, sai kowa ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji." Ba mai ce masa a'a. Sai ya dawo gida da wuri, ya zauna a rumfa, rediyon tana magana ita kaɗai.

A garin waya ba ta shiga sai an hau wani tudu a bayan makarantar firamare, an tsallake wani ɗan rafi. Baba ya ɗauki al'adar fita bayan la'asar, ya ce zai duba gona. Wata rana na tafi tudun don in kira Umma, sai na tarar da shi a can, ya juya baya, waya a kunne, yana ɗaga murya.

"Kai Malam, ba haka mai labarai ya faɗa ba! Kunnenka ne ya tsufa."

Da ya juyo ya gan ni sai ya ɗan ji kunya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, wannan Babarbaren ne ya dame ni da kira."

Na ce, "Baba, ai waya ba ta shiga sai an hau nan."

Ya yi kamar bai ji ba.

Da damina ta yi tsakiya aka shiga marka. Ruwa ya yini ya kwana, ya sake yini. Rafin ya cika ya tumbatsa, ba mai iya tsallakewa, wayoyinmu ma suka mutu don mai cajin garin a tsallake yake. Muka yi kwanaki a haka. Ranar da ruwan ya janye, ɗan Goggo ya kai wayoyin aka sa musu caji, ni da Baba muka hau tudun tare. Ya kira Malam, ba ta shiga. Sai na kira Umma.

Tana ɗauka ta ce, "Ina kuka shiga? Ba Alhaji wayar."

Na miƙa masa. Ina kallon fuskarsa. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sake faɗa, sannan ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da fararen kayansa. Malam ya rasu tun shekaranjiya. Zazzaɓi ne na kwana biyu. An neme mu an rasa, an yi masa sutura an kai shi.

Muka sauko, da muka kusa gida Baba ya dube ni. Ya ce, "Da ina can, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ko tarinsa ina ji daga ɗakina. Ni ya kamata in yi masa wanka."

Washegari muka hau motar kasuwa. Ba mu ɗauki komai ba sai 'yar jaka, don ta'aziyya kawai muka zo. Na tuna lokacin da muka sauka a bakin Ƙofar Wambai. Ga cunkoso, ga masu babur, ga taɓo har idon sawu, ga warin kwata da ruwa ya taso da ita. Duk da baƙin cikin da muke ciki, sai na ji zuciyata ta saki. Tun daga bakin lungu ake tare Baba. Mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo ya riƙe hannunsa. Tela ya fito da zare a wuya. Kowa Baba yake yi wa gaisuwa, kamar shi ne ɗan'uwan mamacin na jini. Wani tsoho da ke sayar da goro ya ce masa, "Sai yanzu? Ka kyauta ke nan?" Baba ya sunkuyar da kai ya karɓi faɗan. Ina jin rabon da wani ya yi masa magana haka tun ranar da muka bar birni.

Umma ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta kai masa ruwan wanka, ta fito masa da kaya masu ƙamshin turarenta, ya wuce zauren Malam ya zauna tare da 'ya'yansa ana karɓar gaisuwa.

Da aka yi addu'ar bakwai na tambaye shi yaushe za mu koma. Ya ce a bari a yi arba'in. Kafin arba'in takardata ta fito, aka tura ni wata firamare a cikin gari. Ya ce to ai ba zai koma babu mai dafa masa ba, a bari a ga yadda za a yi. Da kaka ta yi, ɗan Goggo ya girbe gonar ya kawo mana gero da wake a mota. Baba ya ce masa ya shiga ɗakunan ƙauyen da iyalinsa kafin shi Baban ya koma, kada gara ta ci.

Bai koma da zama ba. Yakan je duk kaka ya yini, ya zaga gona, ya dawo kafin magariba. Kuma har ya bar duniya bai yarda cewa birni ya fi ba. Na taɓa jin Umma tana tsokanarsa, ta ce, "Alhaji, ya maganar haɗa kaya?"

Ya ce, "Ƙauye ya fi lafiya, Hajiya, wannan ba musu. Iska, abinci, kwanciyar hankali. Ni ne dai na lalace. Kun ɓata ni."

"Mu muka ɓata ka?"

"Ke da wancan Babarbaren, Allah Ya jiƙansa."

Baba ya rasu bayan wasu shekaru, a ɗakinsa, cikin lungun. Mutanen ƙauyensu suka zo mota guda, har da Goggo, wadda ba ta taɓa kwana a birni ba. Bayan kowa ya watse Umma ta riƙe ta, ta ce ta zauna ta ɗan huta. Goggo ta daure kwana biyu, a na uku na same ta a tsakar gida da hantsi, ta ɗaga kai tana duban ɗan abin da ya rage na sama tsakanin katangu.

Ta ce, "Ku yanzu a nan kuke rayuwa? Ko ina mutum ya juya bango. Ta ina kuke ganin hadari?"

Umma ta tashi ta kama hannunta, ta ja ta zuwa matattakalar da ke bayan ɗakin girki, inda muke hawa shanya. Na bi su a baya don Goggo tana tsoron matakan. Da muka hau saman soro, ga gari shimfiɗe, rufin gidaje manne da juna har inda ido ya tsaya, hasumiyoyin masallatai, Dala daga can gefe, tattabarun wani maƙwabci suna kewayawa. Mata biyu a soron da ke kusa suka ɗago hannu suka yi mana gaisuwar rashi.

Goggo ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Duk waɗannan mutane ne a ciki?"

Umma ta ce, "Duk mutane ne."

Goggo ta girgiza kai. "Allah Ya ba ku haƙuri. Ni dai gobe a kai ni tasha, na bar saniya tana gab da haihuwa."

Da safe na raka ta. Umma ta ƙulla mata turaren wuta a leda, ta ce ta riƙa sa wa ɗaki saboda warin shanu. Goggo ta karɓa ta ce za ta gwada, in shanun ba su gudu ba.