Sauran Hoto Sha Tara na Oga Iliya

Ku da kuka san Oga Iliya mai hoto, kun san shi da hanci yake sayen kaya. A miƙa masa gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, sai ya cire murfin, ya lumshe ido, ya ja numfashi kamar mai sayen daddawa. In ya ji warin fumfuna sai ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ya yi damina biyu a ƙarƙashin gado." Abin haushin kuma, in ka bincika sai ka tarar gaskiya ya faɗa.

Shekara goma sha huɗu shagona na ɗinki yana manne da nasa a Bukan Sidi, ban taɓa ganin ya sayi sabon abu ba. Kyamara gwanjo, jaka gwanjo, ƙafar kyamarar ma da robar taya aka ɗaure ta. In ka ce ya sayi sabo sai ya dube ka cikin tausayi.

"Sabo? Tela, sabo bai ga komai ba tukuna. Wannan ya ga Turai, ya ga Legas, ya ga duniya."

Ni dai wannan hali nasa ya kusa sa ni hawan jini, kuma a kan mahaifiyata ne. Mama tana ƙauyenmu can wajen Ashige, ta tsufa tukuf, ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Wata rana ta ce mini, "Bulus, ina so in ga fuskana a takarda kafin in tafi." Lokacin ba a fara wayar hannu ba, balle mai ɗaukar hoto. Na zo wa Oga Iliya da maganar, ina tsammanin gobe za mu kama hanya.

"Shekarunta nawa?"

"Ita ma ba ta sani ba."

"To gilashin da nake da shi ba zai iya ba. Na 'yan makaranta ne. Fuskan tsohuwa sai gilashi mai hankali."

Ashe akwai wanda ya ƙyalla ido a kai, wani tsohon gilashi ƙirar Rasha mai nauyi kamar dutsen guga, a rumfar wani mai kayan gwanjo cikin kasuwa. Kuɗin da aka sa masa bai kai na buhun gari ba, amma Oga Iliya ya ce ko rabi ba zai biya ba. Duk mako sai ya je ya ɗauka ya sunsuna, ya girgiza kai a gaban masu saye, ya ajiye ya tafi. Wata biyar ana wannan! Na ce zan cika masa kuɗin, ya ce in na kuskura na ɓata masa ciniki, kada in ƙara gaishe shi. A ƙarshe mai rumfar ne ya gaji.

"Abeg, Oga, kawo abin da kake da shi ka ɗauka. Hancinka ya kore min kostoma."

Na ce alhamdu, sai Ashige. Ya ce ina! Sai gilashin ya sha rana mako biyu, fumfuna ta mutu. Kullum da hantsi ya jera shi a faranti a ƙofar shago kamar mai shanya barkono. Rana ta uku na ji ƙauri. Ina leƙowa sai ga hayaƙi yana tashi daga shaddar wani mutum da na shimfiɗa a benci zan yanka. Gilashin ya tattara rana wuri ɗaya, ya huda ta tsaf, rami kamar kwabo. Na ɗora hannu a ka ina salallami, shi kuwa ya durƙusa yana duba ramin, fuskarsa fal murna.

"Tela, ka ga ƙarfi? Ka faɗa min tsakaninka da Allah, sabo zai iya wannan?"

Sai aljihu na ɗora a wurin. Har yau mai rigar bai san dalilin da ya sa aljihunsa ya sauka ƙasa haka ba.

Ranar da muka je, Mama ta yi wanka tun safe, ta ɗaura zanin da take zuwa sujada da shi. Oga Iliya ya zaunar da ita a gindin mangwaro, ya tashe ta, ya mai da ita bakin rumbu, ya sake tashinta. Ya kusa awa yana leƙe yana gyara. Sai muka ji ƙyas! Ya fara naɗe kaya.

"Oga, ƙara ɗaya mana, ko ta ƙifta ido."

"Ba ta ƙifta ba. Ina kallo."

Mama ta miƙo hannu a ba ta hotonta. Ya ce, "Mama, sai an wanke." A hanya ne ya sanar da ni sauran bayanin. Fim ɗin hoto talatin da shida yake ci, Mama ce ta goma sha ɗaya, kuma shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kai fim wanki da saura a ciki ba. Ga shi damina ta kankama, kowa yana gona, ba biki ba suna.

Na zama ɗan kamashon dole. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai in ce, "Kai, rigan nan ta karɓe ka, shiga nan a ɗauke ka." Da ƙyar na samo mutum huɗu. Ni da kaina na zauna sau biyu. Da na zo na uku ya kore ni, wai fuskata ba ta canza ba tun makon jiya. Na ce ya ɗauki akuyar maƙwabta, ya ce fim ɗinsa ba na dabbobi ba ne.

Muna kan goma sha bakwai aka aiko daga gida cewa Mama ta kwanta, ta daina cin abinci, kuma tana tambayar takardarta. Na shiga shagonsa da niyyar yi masa tatas, amma da na buɗe baki sai hawaye. Ya ɗauko kyamarar ya riƙe ta ya daɗe yana kallo, sannan ya kama ɗan hannun da ke jikinta ya fara naɗe fim ɗin baya, da sauran hoto sha tara ba a ɗauka ba, a hankali, yana cije leɓe kamar ana cire masa haƙori. Ya jefa a aljihu, ya rufe shago, ya hau motar Makurɗi inda ake wanki. Mutumin da ke takawa daga Bukan Sidi har kasuwa don kada ya biya ɗan acaɓa!

Washegari da azahar muna Ashige. Na tallafo Mama, ya sa mata hoton a hannu. Jama'a, tsohon gilashin nan ya yi aiki. Kowane layi na fuskarta ya fito, har ɗan murmushin da take yi in za ta yi wa mutum tsiya. Ta daɗe tana kallo, ta shafa shi da yatsa.

"Wannan ai uwana ne," in ji ta. "A ina ka same ta?"

"Ke ce, Mama."

"To ashe ina da kyau. Me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

Ta yi dariya har da tari, ta ce a dama mata kunu. Kwana tara ta ƙara a duniya, hoton yana ƙarƙashin matashinta.

Kada ku ɗauka Oga Iliya ya yafe. Har wayoyi masu kyamara suka cika gari, har ƙarfinsa ya ƙare, in muka yi musu a kan ko mene ne sai ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai da ka sa na zubar da hoto sha tara!" A gadon asibiti ma da na je duba shi, abin da ya tare ni da shi ke nan. Na ce, "Oga, ka yi nadama ne?" Ya ce, "Ko kaɗan. Amma sha tara ne."

Gilashin yana wurina yanzu, iyalinsa suka ba ni bayan ya rasu. Ba ni da kyamara, amma in rana ta fito nakan shanya shi, nesa da kayan mutane. Hoton Mama kuma yana rataye saman kekena, shi kaɗai muke da shi, jikokinta da shi suka san ta.

Ubangiji ya ba Oga Iliya hutawa. Mutumin nan ya nuna wa tsohuwata fuskarta kafin ta tafi. Allah ya sa shi ma ya ga fuskar rahama, ya mai da masa sha taran nan da abin da ya fi su.