Pak Embong, Mai Ɗaure Tsumma a Gora

Duk ranar da aka ba magini Pak Embong sabon filin gini, bayan asuba zai sayi ƙunshin shinkafar nan da muke kira nasi dagang ya rataya a babur, ya tafi babu igiyar awo, babu lebura. Gora yake kafawa a tsakiyar filin, ya ɗaura mata yagaggen zane, ya zauna a ƙasa yana kallo har magariba. Kwana uku yake yi a haka. Sai ya ga ta inda iskar teku ke shigowa da inda ranar la'asar ke duka, sannan ya ce ga inda taga za ta zauna. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan zama a garinmu Marang, kuma a watan nan ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi.

Mun yi masa dariya, ba ƙarya. Wanda ya fi kowa yi shi ne Jusoh, wanda suka koyi gini tare a hannun maigida ɗaya. Jusoh ya kafa kamfani, ya yi mota, yana tayar da gida goma sha biyu kafin Embong ya gama ɗaya. Amma kowa ya san abin da ke cinsa. Surukarsa ma, in zafi ya tsananta, gidan maƙwabciya take zuwa barcin rana, don Embong ne ya gina shi. Wannan abu ya fi komai ƙona wa Jusoh rai.

Sai aka ce za a rage haraji ga duk maginin da sabon gidansa ba ya shan wutar lantarki wajen sanyaya ɗaki. Jusoh ya je a ɓoye ya auna tagogin Embong da tsawon rufinsa, ya kwafe su tsaf a sababbin gidajensa goma sha biyu, har ya karya farashi don ya dogara da rangwamen. Masu dubawa suka zo da na'urarsu. Gidan Embong ya wuce nan take, na Jusoh kuwa ko ɗaya bai wuce ba. In ba su wuce a dubawa ta biyu ba, kamfanin ya tashi.

Kwana biyu yana zaune a shagon shayi yana cewa, "Tsumma fa. Injiniya biyu na biya, tsumma ya kayar da su."

Matarsa Mek Som ta ce, "Maigida, je ka sami Embong mana. Haushin nan naka ba zai sanyaya ɗaki ko ɗaya ba."

Ya je, fuska a ɗaure. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Embong ya ɗauki gorarsa ya biyo shi. Da ya kafa ta a tsakanin gidajen, tsumman yana rataye, ko motsi bai yi ba. Ashe Jusoh ya sa gidajen duka sun fuskanci titi ta yamma, ya kuma ja doguwar katanga ta bayansu, ɓangaren teku.

Embong ya ce, "Jusoh, tagogina ne waɗannan, na gane su. Amma katangar nan, ɓarawo ka gina wa ko iska?"

"Masu saye ne ke son katanga."

"To su saya su dahu a ciki."

Embong ya sa aka fasa saman katangar aka mayar da bulo mai huji, aka kare tagogin yamma da siraran katako. Kwana uku ya zauna a filin abokin hamayyarsa, da gwiwar nan tasa, har tsumman ya soma kaɗawa. Gidajen suka wuce duka.

Pak Embong, kai ne ka san hanyar iska tun kafin a sa mata lada. Kai ne tsofaffi ke barcin rana a gininka ba fanka. Ka ga an saci awonka, ka biyo ɓarawon ka gyara masa aiki. Mun gode, kuma mu faɗi gaskiya, da yawanmu mun yi kyashinka. Matasan magina, kafin ku ɗauki takardar neman rangwame, ku je ku zauna a filin.

Jusoh dai ya roƙi gorar an ba shi. Jiya na same shi zaune a sabon fili, rana ta biyu, riga ta jiƙe sharkaf, yana harar tsumman. Na tambaye shi ya aiki. Bai ɗago ba ya ce, "Shekara arba'in ina kallon Embong yana wannan zaman. Ko gumi ban taɓa ganin ya yi ba."