Taurarin Ajin Yamma

Da safe ina koyarwa a wata firamare a Kakuri, bayan La'asar kuma ina da ajin manyan mata a Makera, a zauren wani gida da aka ba mu aro. Yaƙi da jahilci ake ce masa, amma ni ba na faɗin haka a gabansu, don matar da ta aurar da 'ya'ya, ta riƙe sana'a, ba za ki kira ta jahila ki kwana lafiya ba. Damuwata da ajin nan ɗaya ce. Farkon zango tabarma ba ta isar mu, kafin a kai tsakiya sai a bar ni da allo da 'yan tsiraru.

Wata abokiyar aikina, 'yar Ibo mazauniyar Sabon Tasha, ta gaji da mitata. Ta turo mini wani kwas na intanet ta waya, ta ce, "Malama, ƙorafinki ya ishe ni. Ga wannan, data kawai za ki saya."

Kwas ne na yadda ake ɗauko abubuwan da ke sa mutum ya manne wa wasa, irin su maki, da lambar yabo, da hawa mataki bayan mataki, da gasa, a zuba su cikin karatu. Sunansa na Turanci har yau harshena bai saba da shi ba. A cikin keke-napep nake kallon darussan, ko a kicin in an kawo wuta na yi caji. Abin dariyar shi ne, da dabarar tasu suka kama ni. Duk darasin da na gama sai wani koren layi ya ƙara tsawo a saman wayar. Ni da nake yi wa 'ya'yana faɗa kan wasan waya, sai ga ni na bar miya ta kama don in ga layin nan ya cika.

Da aka zo wajen gwaji, aka ce kowa ya jarraba a ajinsa ya kawo rahoto. Na samo babban kwali, na rubuta sunayen matan, na yanka taurari da takarda mai ƙyalli. Duk wadda ta karanta layi ba gargada, tauraro ɗaya. Ranar Alhamis kuma in sake jera sunaye, mai yawan taurari a sama. Abin ya karɓu fiye da zatona. Matan da sai na aika a kira su suka koma riga ni zuwa, har da masu rantsuwa wai na yi musu ƙwangen tauraro. Na ji daɗi, na hura hanci ba kaɗan ba.

A ajin akwai Hajiya, Bakanuwa mai sayar da atamfofi a gida, dattijuwa mai murya kamar lasifika. Tare take zuwa da matar ɗanta, wadda har yanzu Amarya ake ce mata duk da tana goyon na biyu. Mijin Amarya ma'aikaci ne a wata masana'anta a Kudenda, kuma sharaɗinsa a fili yake: ta je makaranta muddin tare da mahaifiyarsa za ta je. Amarya ta fi kowa ƙwazo a ajin. Ta taɓa faɗa mini burinta, ta karanta katin asibitin yaranta da kanta, ta daina miƙa wa maƙwabta.

Ba a jima ba sunan Amarya ya hau can sama, na Hajiya yana kusa da ƙasa. Mako na gaba sai Amarya ta fara tuntuɓe a kalmomin da na san ta sha karanta su. Na yi mata faɗa, na ce wasa ta sa a gaba. Da aka tashi, ta tsaya naɗe tabarma har kowa ya fita.

"Malama, don Allah ki sauko da sunana daga saman can."

"Saboda me? Ai ke kika ci."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gida ɗaya muke komawa."

Na ce mata kada ta damu, ai wasa ne. Kwana kaɗan aka aiko wai Hajiya na ciwon ƙafa. Ciwon bai hana ta zuwa biki har Kakau ba, amma ya hana ta tsallaka layi biyu zuwa zaure. Tun da ba Hajiya, ba Amarya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga yarinyar da ta fi kowa son karatun nan ita ce za ta rasa shi.

Na rubuta matsalar a dandalin da 'yan kwas ke tattaunawa. Mutanen kirki ne, sun ba da shawara. Wani ya ce in yi amfani da sunayen ɓoye, kamar akwai abin da ke ɓoyuwa a zauren Makera. Sai na koma wani darasi da na wuce da gaggawa lokacin da nake bin koren layi. Malamar kwas ɗin tana bayanin cewa wasa ba ya zama wasa sai in mutum zai iya faɗuwa ya tashi yana dariya. Na daɗe ina juya maganar. A wajenmu, dariyar faɗuwa ta danganta da wanda ya kayar da ke. Jika ya kayar da kaka, dariya ce. Taubashi ya kayar da taubashi, dariya ce. Amma suruka da matar ɗa babu wasa tsakaninsu ko na ƙwayar zarra. Ni kaina har yau ba na iya cin abinci a gaban surukata, amma na ɗauki waɗannan biyun na jera su a kwali ɗaya, ƙaramar a bisa babbar, kowa na kallo. Masu kwas ɗin sun ɗauka duk wanda ke aji ɗaya abokin wasan kowa ne, ni kuma na kwafo haka ban tace ba.

Na cire kwalin. Na ce daga yau ba sama ba ƙasa, kowace ta zaɓi abokiyar wasanta, gasarsu tsakaninsu kawai. A ajin akwai wata Gwaggo mai waina, Bazazzagiya, sa'ar Hajiya, wadda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kamar yadda Kanawa da Zagezagi suka saba. Ita na ja muka je duba mai ciwon ƙafa.

Tun daga ƙofar ɗaki Gwaggo ta fara: "Ashe gudu kika yi? Dama na faɗa, Bakano in ba ciniki ba, ba abin da ya iya."

Hajiya ta miƙe zaune. "Ni zan guje wa Bazazzagiya? Ke da kike riƙe littafi a juye?"

Washegari ƙafa ta warke. Suka dawo su biyu, Hajiya a gaba, Amarya a baya da goyonta.

Ajin ya koma gidan dariya. Duk tauraron da Hajiya ta ci sai ta manna shi a gefen mayafinta ta juya wa Gwaggo. Amarya kuwa ba ta zaɓi kowa ba, kuma ta ci gaba da jan karatunta a hankali, tana tsayawa inda na san ba ta da dalilin tsayawa. Ban sake matsa mata ba, amma abin yana ci mini rai. Na samu ta dawo aji, ban samu ta saki jiki ba. Abin da na lura da shi kawai, Hajiya ta fara gudu a karatu irin wanda ban koya mata ba.

Wata Alhamis, ina shirin raba karatu, Hajiya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malama, yarinyar nan ki daina ba ta karatun jarirai. Ita ke yi mini bita a gida, kuma abin da ke kanta na kusa kwashe shi kaf. Ki tura ta gaba, in ba haka ba Bazazzagiyar nan za ta kamo ni."

Na ɗauko littafin 'yan aji na gaba na miƙa wa Amarya. Ta saci kallon surukarta. Hajiya ta riga ta kawar da kai, tana gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Amarya ta buɗe shafi ta fara, murya ƙasa-ƙasa, daga nan ta ware. Ta kai ƙarshen shafin ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ni kuwa na juya ina goge allo don kada a ga idona.

Hajiya ta zunguri Gwaggo da gwiwar hannu.

"Kin ji ko? A gidana take."