Abin da Yaya Hamisu ya gani a cikin masara

Shekara biyar ke nan da muka kai yayana Hamisu makwancinsa a Bakori. A takardar asibiti an rubuta cewa hawan jini ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma haka muke faɗa wa duk wanda ya tambaya. Ba ƙarya ba ne, amma rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin mu ne, 'yan'uwansa.

Yaya manomi ne na gaske. Gonarsa tana kan hanyar Tsiga, masara da dawa, wata shekara ya ƙara da waken suya. Mutum ne mai riƙe abu a ka. Ya san wane gefen gonar ke riƙe ruwa, ya san sunan kowane ɗan ƙwadago har da na ubansa. Shi ya tsaya mini har na zama malamin makaranta a Funtuwa.

Wata damina, masara ta yi goyo, 'yan bindiga suka faɗo gonar da hantsi a kan babura. Yaya ya kwanta a tsakanin kunyoyi. Amininsa Malam Ado, wanda suka taso tare tun yarinta, bai samu ya ɓuya ba. Yaya yana kwance kusa da su, yana ji yana gani, har suka gama da shi suka tafi. Da la'asar ya dawo gida da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu. Muka yi ta hamdala, aka soya waina aka raba.

Bayan girbi muka fara ganin canji. Mutumin da ba ya mantuwa ya sayi taki ya baro shi a kasuwa. Yana salla sai ya rasa raka'a ta nawa yake. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai an matsa, yaro ya yar da kwano sai ya hau shi da faɗa kamar zai cinye shi. Abin da ya fi komai shi ne ƙarar babur. Da ya ji ta a bayansa, jikinsa ya ɗauki rawa.

'Yan acaɓan tasha suka gano haka. Ranar kasuwa, yana wucewa, uku suka murɗa hannun babur a lokaci guda. Yaya, magidanci mai 'ya'ya bakwai, ya zube a ƙasa ya rufe kansa da hannuwa, gabansa masu tumatir, bayansa masu hatsi. Wani ya ɗauka a waya, daga ranar kuma aka laƙaba wa Yaya suna Kwanta-ƙasa. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya iso ofishin malamai a makarantarmu. Aka miƙo mini wayar ana ta dariya. Na kalla, na yi dariya tare da su, ban ce yayana ba ne.

Ranar Asabar na je gida na same shi a zaure. Na ce, "Yaya, ka zubar mana da mutunci. Ado aka kashe, ba kai ba. Kai me aka yi maka?"

Ya kalle ni ya ce, "Ba a yi mini komai ba, Malam." Ni ƙanensa ne, amma tun da na fara koyarwa haka yake kirana.

A unguwarmu a Funtuwa akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Ngozi. Mahaifinta ɗan kudu ne mai sayar da kayan gyaran mota, ita kuma a nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ita ma ta ga bidiyon, kuma ita kaɗai ta gane kamarmu da shi. Ta tare ni a ƙofar gida ta yi mini bayani. Ta ce akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa shi ne ya tashi mutum idan haɗari ya zo, ya sa zuciya ta yi gudu, jiki ya shirya tserewa. Idan haɗarin ya wuce sai ya lafa. A wurin wasu kuwa ba ya lafawa, kullum jiki yana zaton yau ne abin ke faruwa. Idan aka daɗe a haka sai tunani ya raunana, mantuwa ta shigo, haƙuri ya ƙare, jini ya yi ta hawa. Ta ce yana da magani: a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, a samu wanda zai zauna ya saurare shi, a bar shi yana aiki da hannunsa, yana tattaki, ya koyi jan numfashi a hankali idan abin ya taso, a daina bi da shi ta tasha.

Na ce mata, "Sista, mu ba mu da mahaukaci a gidanmu."

Abin da muka yi maimakon haka, taro muka kira. Kawunmu ya ce mai mantuwa ba ya riƙe gandu. Aka karɓe gonar aka ba ƙanenmu, aka karɓi makullin rumbu daga hannun Yaya a gaban 'ya'yansa. Ni na miƙa hannu na karɓa. Muka raba shi da abu ɗaya da ya rage yana kwantar masa da hankali, muka ce hutu muka ba shi. Shekara biyu ya yi a kan dakali. Wata safiya ya tashi zai yi alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, kwana huɗu ya cika.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Daga Ƙarfi zuwa Bakori da wuya ka shiga unguwar da babu mai irin lalurarsa. Har a rediyo ana kawo likitoci su yi bayanin damuwa da firgici, suna faɗin abin da Sista ta gaya mini kyauta a tsaye. Waɗanda suka yi masa dariya, wasunsu yanzu su ke waiwaye idan sun ji babur. Ba na jin zai yi murna da haka. Ina jin matsawa zai yi a kan dakalin ya ba su wuri.

A gidan nan mutum ɗaya ce ta yi masa daidai, matarsa Hajara, kuma ba wanda ya koya mata. Takan ajiye masa kwandon masara ya yi ta zaɓen iri yana ɓarewa, ita tana gefe tana tsince wake, har rawar hannunsa ta tsaya. A makon nan na je gaishe ta, na ce ina so in yi rubutu a kansa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka rubuta, Malam. Ai yanzu ba wanda zai ce ya yi kama da kai."

Irin da ya zaɓa a kan dakalin nan bai ɓata ba. Masara ce mai saurin nuna, mai jure tsayawar ruwa, kuma duk gabanin damina manoma na neman ta a kasuwar Bakori. Ba sa cewa irin Hamisu. Cewa suke a ba su 'yar Kwanta-ƙasa. Babban ɗansa ne ke auna musu, kuma yana amsawa.