Kujerar da Kaka Ya Haɗa wa Autanmu

Ni ba na son warin roba mai zafi. Ko ta gaban mai faci na wuce, sai in ga Kaka zaune a zaurenmu na Bukkuyum, ƙusa a baki, yana ƙwanƙwasa.

Kakana na wajen uba bai taɓa sayen katako ba. Guntayen da masu yanka suka zubar, sifirin na tsohuwar bas, murfin duro, duk kwasowa yake. Na sha gaya masa ya mai da mana gida bola, don tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Sai ya ce, "Amarya, to tashi bisa bolar in gani." Lallai kuwa a kan aikinsa nake zaune.

Shekarar da aka kafa injinan niƙa dutsen zinare a bayan gari, ya samo tsinkakken bel na inji da buhunan da ake zuba garin dutse. Lokacin autanmu na koyon zama. Kaka ya haɗa masa 'yar kujera, ya saƙa mazaunin da bel, ya naɗe hannuwanta da buhu don kada katako ya ji masa ciwo. Ya kakkaɓe, ya sake kakkaɓewa. Inna ta yi ta nuna wa mata. Yaron yana haƙori, hannun kujerar nan yake wuni yana tsotsa.

Da damina ya fara amai, sai jijjiga. Aka ce iska ce, aka yi ta turare. Ranar da ya rasu ina tsakar gida. Na ji Inna ta yi salati sau ɗaya.

Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo gwada ƙasar gidaje. Suka ce gubar dalma ce, a garin dutsen take. Gidanmu ba a taɓa niƙa dutse ba, suka yi ta dubawa har suka kai kan kujerar. Wata cikinsu ta tambayi inda aka samo buhun. Kaka ya miƙe. Da hannunsa ya ɗauki kujerar ya kai ramin da suke binne ƙasa mai guba. Da ya dawo ya ce wa Inna, "Na kakkaɓe hwa." Ta ce, "Na gani, Baba." Bai sake riƙe guduma ba har ya bar duniya.

Yanzu a waya nake ganin kujerun taya da tebura na tarkacen masana'anta, ana ta yabawa. Suna da kyau, ban musa ba. Kwanaki mijina ya sayo wa ɗiyarmu irinsu a Gummi. Na ce daga ina robar ta fito? Ya ce bai tambaya ba. Kujerar tana can bayan ɗaki, ruwa na dukanta. Ya ce na cika taurin kai. Ya yi ta faɗi. Ɗiyata a tabarma take koyon zama.